Ango da Abokin Ango, Shanun da Kika Sayo Mana

Zuwa ga Malama Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da ke, ina fatan makwancinki ya zama wurin hutu, tunda a duniya dai ban taɓa ganin kin huta ba. Ni ce Kulu ta Kuceri, matar marigayi Isiya, wadda kika sha kwana a ɗakinta kina faɗa da sauro. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ki ba. 'Yata Nana ce ta gaji da jin labarinki a bakina, ta miƙo mini wayarta ta ce in rubuta a inda jama'a ke karantawa. Ga ni ina lallaɓawa da ɗan karatun firamaren da na yi a Tsafe. Masu leƙowa su yi haƙuri da ni, da ke nake magana.

Kin zo mana a shekarun da Zamfara ta zama jiha sabuwa, lokacin da kowa ya je Gusau sai ya dawo da labarin wani sabon ofis. Naku ofishin na wata ƙungiyar agaji ce ta ƙasashen waje. Abin da muka ji shi ne, wai wasu mutane can nesa, waɗanda ba su san mu ba, sun haɗa taimako don a yaƙi talauci, kuma sun ce ta wajen mata za a fara. Mun yi dariya. Mun ɗauka keken ɗinki za a raba, ko a koya mana haɗa sabulu, a ɗauki hoto a tafi.

Ni a lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Isiya ya bar mini 'ya'ya uku, Sanusi da Nana da Basiru yana goye, ya kuma bar gona guda a bakin rafi. Gona ce mai kyau, amma ƙasarta laka ce, fartanya ba ta iya mata, sai garmar shanu. Ke kin zo kin san yadda abin yake a ƙauye, amma bari in faɗa saboda masu karatu. In ruwan shuka ya sauka, mai shanu gonarsa yake fara huɗewa, sannan ta 'yan uwansa, sannan ta masu hali. Kafin layi ya zo kan macen da ba ta da miji, dawar mutane ta kai gwiwa. Wanda ya yi shuka a makare kuwa, shi ne zai fara ganin gindin rumbunsa.

Yaya Ɗahiru, wan mijina, ya san haka. Ba mugun mutum ba ne, kin shaida. Shi ma ba shi da shanu, haya yake yi, ga nasa iyalin. Ya zaunar da ni a zaure ya ce, “Kulu, ba ƙi nika yi ki zauna ba. Amma in ruwa ya sauka gonag ga ba ta ga garma ba, ɗiyan ƙanena ba su kwana da yunwa ina kallo. Raba su za mu yi.” Har ya gama tsarawa. Sanusi ya koma gidansa, Nana a kai ta wajen gwaggonta a Bunguɗu, ni in goya Basiru in koma gidan babana a Tsafe, gonar kuma a ba da aronta. Ban yi masa musu ba. Na dai shiga ɗaki na kalli yarana suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Cikin wannan hali kika tara mu a gidan Inna Tumba, ungozomar garinmu. Kin zo da takalmi mai tsini yana nutsewa cikin yashi, da mayafi mai ƙamshi, duk muna satar kallonki. Muna jira ki tambaye mu abin da muke so, mu ce komai aka ba mu mun gode. Sai kika ce, “Wa a kan yi ma huɗa daga ƙarshe cikin garin ga?” Babu wadda ta ambaci suna, amma duk suka juyo suka dube ni. Na ji kunya ƙwarai a ranar, na kuma ji haushinki.

Daga wannan tambaya aka yanke cewa ƙungiyarku za ta saya wa matan Kuceri shanun huɗa biyu da garma, su zama na mata, kuma a fara da gonar wadda ake bari a ƙarshe. Kafin ki sayo su sai da kika je gaban liman kika durƙusa, kika tambaye shi ko akwai abin da ya hana mace mallakar shanu da riƙe garma. Ya ce shi dai bai gani ba a karatunsa. Kika ce to ya taimaka ya faɗa da bakinsa inda maza za su ji, ya kuwa faɗa. Tun a nan na fara gane cewa ba hoto kika zo ɗauka ba.

To, yanzu mun zo wurin da na san da kina nan za ki rufe fuska da mayafi. Malama, ke 'yar Gusau ce, gidanku gidan ma'aikata ne tun kakanni, kin san biro kin san taro. Saniya kuwa, a tukunya kika fi saninta. Kika shiga kasuwar Tsafe ke da direbanku, dillalai suka ga mota suka yi caa a kanki. Kika bi layin shanu kina dubawa, kika wuce duk masu ƙashi a waje da tabon karkiya a wuya, don kin ce ba za ki kai wa mata ramammun shanu ba. Kika zaɓo bijimai biyu farare tas, fata na sheƙi, tozo na rawa. Ashe na turka ne, an ɗaure su a gida ana ɗura musu dusa don mahauta. Tunda uwarsu ta haife su ba su taɓa jan ko kara ba.

Ranar da aka sauke su, garin duk ya fito. Maza suka zagaya su, suka duba wuya, suka dubi juna, sai dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Inna Tumba ta dafa ƙugu ta ce, “Waɗanga ai ango na da abokin ango, sun zo a kalle su.” Shi ke nan suna ya bi su. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon shanun nan ina ganin Nana a motar Bunguɗu.

Abin da kika yi bayan nan shi ya sa har yau in an ambaci sunanki nake gyara zama. Ba ki ɗora wa dillali ba, ba ki ɗora wa direba ba. Kika tsaya a gaban masu dariya kika ce, “Ni na zaɓe su, don kyau na zaɓe su, laihina na.” Kika koma Gusau kika faɗa wa shugabarku da bakinki, wata doguwar mata 'yar ƙasar Habasha, wadda duk Hausarta ba ta wuce sannu da madalla ba. Ta ce ana iya sauya su, amma kafin izini ya dawo daga babban ofishinku damina ta yi nisa. Kika dawo Kuceri da ƙaramar jaka da takalmin roba, kika ce tunda ba a hore su ba, mu za mu hore su.

Kika nemo Baba Jaɓɓi daga rugar bayan gari, wanda ya yi shekaru yana horon shanu. Gwiwa ta riga ta kama shi, ko tsayuwa mai tsawo ba ya iyawa. Sai ya zauna a kan dutse da sandarsa yana ba da umarni, mu kuma muna yi. Ke kina jan igiya a gaba, ni ina baya, Inna Tumba da sauran mata suna gefe. Aka fara da ɗaura musu karkiya su yi tafiya tare. Abokin Ango ya yi gabas, Ango ya yi yamma. Da aka matsa musu, Ango ya kwanta a tsakiyar hanya yana tuƙa, duk faɗan duniya bai tashe shi ba.

Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. Muna fita da sanyin safiya, mu koma da la'asar. Daga tafiya aka koma jan gungume, daga gungume aka koma jan garma a cikin yashin rafi. Kin tuna ranar da Abokin Ango ya ga wata saniya a ƙetare ya zabura? Kin ƙi sakin igiya, ya ja ki a ciki har bakin gaɓa. Muka rugo muna salati, muka iske ki kwance, yashi har cikin kunne, kina dariya har da hawaye. Yaran gari suka yi ta bin mu da waƙa. Maza kuwa sukan zauna a gindin ɗorawa da goronsu, kallo ya samu.

Mu ba mu iya tsawar da maza ke yi wa shanu ba, bulala kuma kika hana. Don haka da abin da muka iya muka hore su. Lallashi muke yi, irin wanda ake yi wa yaro mai ƙin shan magani. In ana so su tashi, sai in ce taho ɗan lele, taho. In ana so su juya, Inna Tumba ta ja waƙar daka su bi muryarta. Dusa da kanwa daga hannunmu suke ci. Baba Jaɓɓi yakan girgiza kai ya ce shi bai taɓa ganin ana roƙon sa ya yi aiki ba, amma tunda suna tafiya, mu ci gaba.

A waɗannan makonni ne kika daina zama Malama a wurina, ko da yake bakina bai daina faɗa ba. Kina kwana a ɗakina, kina cin tuwon dawa da miyar kuka ba ki taɓa yatsine fuska ba, sauro kaɗai kike yi wa ƙorafi. Hannunki da ya saba da biro ya yi kanta, ya fashe, ina shafa miki man kaɗe. Wata rana kika ba ni labarin garin Nahuce. Kika ce a bara kun kai wa matan can shanu horarru, kafin kaka mazan sun karɓe igiya da sunan taimako, har matan sai sun roƙa kafin a yi musu huɗa da shanunsu. Kika ce abin yana cin ranki, kuma ba ki san yadda za ki hana shi faruwa a Kuceri ba. Na ga damuwa a fuskarki a ranar, irin wadda ban zaci masu mota suna yi ba.

Hadari ya fara haɗuwa kafin mu shirya. Gwaggon Nana ta aiko daga Bunguɗu cewa a shirya mata yarinya, za ta zo ɗauka in an yi shuka. Ban gaya miki ba, amma na tattara 'yan kayan Nana, riguna da ɗankwali da allonta, na ƙulle a cikin wani zanena mai ruwan bula, na tura bayan gado. Na ce gara in shirya, kada abin ya zo mini ba zato. Nana ta ga ƙullin, sai ta daina wasa a waje, duk inda na sa ƙafa tana nan.

Ruwan shuka ya sauka, mai yawa, har rafi ya kawo. Da gari ya waye kowa ya nufi gona. Ina ta kiciniya da Basiru, kika ce in kawo shi, yau ke za ki goya. Kika duba ba ki ga zanen goyo ba, sai kika miƙa hannu bayan gado kika jawo ƙullin nan. Ashe kin daɗe da ganinsa. Kika kwance shi, kika zuba kayan Nana a kan gado, kika karkaɗe zanen kika goya Basiru da shi. Na ce miki kayan tafiya ne. Kika ce, “In tahiya ta tashi sai a sake ɗaurewa.”

Muka isa gona, muka iske mutane sun riga mu. Wasu sun bar tasu huɗar sun zo kallo. Yaya Ɗahiru yana tsaye a kan iyaka, hannu a baya. Aka ɗaura wa Ango da abokinsa karkiya, na kama garma, na juyo ina jiran ki ɗauki igiya kamar kullum. Sai na hango ki kin koma gindin ɗorawa kin zauna, kina jijjiga Basiru. Na yafuto ki, kika girgiza kai. Na zo wurinki da kaina. Kika ce, “In na taɓa igiyag ga yau, gobe a ce Gusau ta yi huɗa. Tahi, ina nan ina kallonki.” Wallahi a wannan lokaci na ji kamar in fashe da kuka don haushi. Na ce a raina, ta sayo shanun banza, yanzu kuma ta bar ni a gaban jama'a.

Inna Tumba ce ta ɗauki igiya. Na danna garma cikin laka, na ce taho ɗan lele. Ango ya tsaya yana kallon taron mutane, kamar yana shawarar kwanciya. Wani ya yi dariya. Na sake cewa taho, Inna Tumba ta ja waƙarta, matan da ke gefe suka amsa. Sai na ji garma ta fizge ni, ƙasa ta tsage tana kifewa gefe, baƙa, mai ƙamshi. Ban san yadda muka kai ƙarshen gona ba. Muka juyo, muka sake. Kafaɗuna kamar za su cire, zanena duk laka, amma ban saki ba. Da na ɗaga kai can, dariya ta ƙare, masu kallo sun fara zamewa zuwa gonakinsu.

Yaya Ɗahiru ya sauko daga kan iyaka. Ya bi layin farko a hankali har ƙarshe, ya tsuguna, ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya karkaɗe hannunsa, bai dube ni ba ya ce, “Ta karkace, amma ta yi zurhi. Kina da iri, ko in aiko?” Na waiga gindin ɗorawa. Kin juya baya kina gyara goyo, amma na ga kina share ido da bakin mayafi.

Sauran labarin har yau ana ba da shi a Kuceri. Da muka gama gonakin matan da ba su da mai yi musu, Yaya Ɗahiru ya aiko da sallama yana neman hayar shanun. Aka ba shi. Ya ɗaura musu karkiya, ya daka tsawa irin ta maza, Ango ya dube shi ya kwanta. Ya yi, ya yi, har gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya jefar da igiya ya ce, “A kira mani uwar shanun ga.” Tun daga ranar, duk mai son shanun mata sai ya ɗauka da mace biyu, ya kuma sallame su da kaka. Abin da ya faru a Nahuce bai faru da mu ba, don babu namijin da shanun ke ji. Mutane suka fara cewa dabara kika yi tun farko. Duk wanda ya faɗa a gabanki sai ki ce a'a, don kyau kika saya, Allah ne ya rufa asiri.

Da hatsin hayar muka gina rumbun mata, daga baya muka ƙara wasu shanun, mu muka hore su da kanmu. Ke kuma aiki ya ɗauke ki zuwa Nijar, daga can zuwa wasu ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Nakan ce ko wace mace ce yanzu take jin haushin tambayarki a can. Kin dawo Gusau ba lafiya, ban ji ba sai da aka yi sadakar uku. Na je gaisuwa, na zauna a cikin matan manya masu leshi, babu wanda ya san ni. Suna ta faɗin tarukan da kika je da ƙasashen da kika zaga. Ni kuwa ina zaune ina tuna ki da yashi a kunne.

Yaya Rakiya, bari in kira ki da sunan da ya daɗe a zuciyata. Abin da ya sa na rubuto shi ne, bana aka raba wa yara gonar ubansu. Yaya Ɗahiru ya tsufa, da sanda yake tafiya, amma ya ce sai an kai shi. Da aka zo kan rabon Nana, wani ya ce a bar shi a hannun Sanusi ya riƙa noma mata, kamar yadda aka saba. Tsohon nan ya buga sanda a ƙasa ya ce a dasa mata ciyawar gamba a kan iyaka a ware mata nata, ɗiyar Kulu ce, ta san abin da za ta yi da gona. Da yamma su uku suka zauna a tsakar gidana suka ci tuwo a kwano ɗaya, suna faɗa a kan nama kamar yara. Na so ƙwarai a ce kina nan.

Su ukun a gabana suka girma, Yaya. Sanusi bai kwana a gidan kowa ba. Nana ba ta je Bunguɗu ba sai da ƙafarta, ziyara. Basiru da kika goya yanzu ya fi ƙofar ɗakina tsawo, kuma bai san ki ba sai a bakina. Ina kewarki, ina kuma alfahari da cewa na san ki.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Yadda kika hana a raba ni da 'ya'yana, Allah kada ya raba ki da rahamarsa. Allah ya saka wa mutanen nan na nesa da suka aiko ki, ya ba masu irin aikinki haƙuri irin naki. Allah ya haɗa mu a Aljanna, inda babu sauro. Amin.

Zanen nan mai ruwan bula yana nan, ya koɗe, da shi Nana ta goya 'ya'yanta duka. Kin ce in tafiya ta tashi sai a sake ɗaurewa. Har yau ba a sake ɗaure ƙullin ba.

Taki har kullum,
Kulu, uwar shanu,
Kuceri.